3.2 Gane Muƙamin Ɗan Doka Ta Hanyar Tufafinsa a Tsofaffin Hotunan Gida a Ƙasar Ka'oje

A wannan sashe za a duba yadda ake gane muƙamin ma'aikacin tsaro daga kayan da ke jikinsa a tsohon hoto. Abin da ya sa batun yake da muhimmanci shi ne, sau da yawa hoton nan guda shi kaɗai ne shaidar da ta rage wa iyali game da aikin kakansu, kuma a bakin jikoki kusan duk mai kaki saje ne.

Kafin a ƙirga igiya, wajibi ne a fara tantance ko ma'aikacin wace hukuma ce ya tsaya a gaban mai hoto. A zamanin Turawa ƙasar Ka'oje tana ƙarƙashin En'e ta Gwandu, wadda mazauninta yake Birnin Kebbi, saboda haka iri uku ake iya cin karo da su. Akwai dogarai, waɗanda suka girmi zuwan Turawa, masu babbar riga da rawani, ba igiya ba lamba. Akwai 'yan doka na En'e, waɗanda suka samo asali daga 'yan gadin da aka kafa a Kano a 1925. Sai kuma 'yan sandan gwamnati, da aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930. Bayan aikin kwamitin Yusufu Gobir na 1966, an fara shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya daga 1968. Ke nan mutum ɗaya yana iya fitowa a hotuna biyu da kaya iri biyu.

Idan an tabbatar da hukumar, sai a dubi damtse. Igiya ɗaya las kofur ne, biyu kofur, uku saje, kuma tsininsu ƙasa yake kallo. Anini kuwa a kafaɗa yake, na manyan jami'ai ne. Kambin da ke jikin bajon hula yana taimakawa wajen ƙiyasta shekara, domin siffarsa ta sauya bayan hawan Sarauniya Elizabeth a 1952, aka kuma bar shi bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963. Sai dai a ƙaramin hoton da ya sha damina da gara, da wuya a iya ganinsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen tsofaffin soja. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun shiga aikin doka, kuma sojan Ingila yana da wata igiya ta kyawun hali da ake ɗinkawa kusa da wuyan hannun hagu, tsininta na kallon sama. Wannan ba muƙami ba ce. Mai irinta uku yana iya zama farabiti, amma iyalinsa su riƙa kiransa saje har bayan ransa. Haka kuma launi ba abin dogaro ba ne, domin tsohon fim yakan mayar da ja ya koma baƙi, ta yadda jar dara da baƙar hula ba su da bambanci a ido.

Bugu da ƙari, Ka'oje tana bakin iyaka da Segbana ta ƙasar Dahome, wadda ta koma Benin a 1975, kuma auratayya ba ta san iyaka ba. Hoton da aka tarar a akwatin wata tsohuwa yana iya zama na ɗan'uwanta da ya yi wa Faransawa aikin gadi. Su Faransawa a karkace suke ɗinka alamar muƙami a kan hannun riga, kusa da wuyan hannu, ba a damtse ba, don haka ƙirgen las kofur da kofur da saje ba ya aiki a kansa.