Tanadin Tsufa da Ma'aikatan Masana'antun Kano

Tanadin tsufa na doka ga ma'aikacin kamfani a Najeriya ya soma ne a 1961, da gwamnatin tarayya ta kafa asusun National Provident Fund. A lokacin Bompai ce cibiyar masana'antun Kano, da injinan matsar man gyaɗa da masaƙu da kamfanonin alewa. Sharaɗa da Challawa daga baya suka biyo. A tsarin wannan asusu, akan yanki wani abu daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara nasa, ranar da ya ajiye aiki a damƙa masa kuɗin a dunƙule. Babu na wata-wata.

Duniya kuwa sai a 1982 ta zauna kan batun, a taron farko na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsufa a birnin Viyana. A 1990 aka keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi, a 2002 aka fitar da tsarin Madrid kan tsufa, a 2016 kuma Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi.

A daidai waɗannan shekarun ne Bompai ta riƙa mutuwa a tsaye. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, har abin da mutum ya yi shekaru yana tarawa ya koma kuɗin cefane. Rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar China suka ƙarasa masaƙu. Ma'aikata da dama ba ritaya suka yi ba, rufe ƙofa aka yi aka sallame su, wasu ko kuɗin sallamar sai da shari'a. Suka koma gadi, ko acaɓa, ko kasa kaya a bakin titi.

Gyara ya zo a makare. Hukumar NSITF ta gaji tsohon asusun a 1994. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo fanshon karo-karo, wanda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile, ta kafa hukumar fansho ta PenCom. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 10 cikin ɗari na albashi a kan kamfani, kashi 8 a kan ma'aikaci. Tsarin ba laifi, sai dai ga mai albashi aka yi shi, kuma leburan wucin gadi ba kasafai ake buɗe masa asusu ba.

Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, a 2019 ya ƙaddamar da ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu da 'yan tireda, a 2021 kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, amma a Kano abin kunya ne mutum ya kai mahaifinsa can. Don haka tsohon masaƙi ya dogara ne da 'ya'ya da dangi da zakkar masu hali, alhali kamfanonin da za su ɗauki 'ya'yan aiki da yawansu sun zama rumbunan ajiye kayan waje.