Tarihin Kuɗin Magani a Ƙasarmu: Wa Ke Biya?



A taron ƙungiyarmu da ya wuce an yi doguwar gardama kan maganar asusun magani. Waɗansu suka ce lafiya aikin gwamnati ne, ba ruwanmu. Waɗansu suka ce in mun zauna jira, yara za su ci gaba da mutuwa a damina. Kafin mu sake zama, mun ga ya dace mu waiwaya, tunda waiwaye adon tafiya ne. Ga tarihin kuɗin magani a Nijar a gajarce.

1. Zamanin kyauta

A zamanin Nasara, tun 1905 Faransa ta kafa aikin likita na ƴan ƙasa a yankunan Afirka ta Yamma da take mulka. Ba a karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Amma gidajen likita kaɗan ne, yawancinsu a garin kumandan, kuma talaka ya riga ya biya ta hanyar haraji da aikin tilas. Da aka sami ƴancin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta gaji wannan tsari. A 1962 aka kafa ONPPC, ma'aikatar da ke sayo magani tana rarraba shi ga gidajen likita da farmasin gwamnati.

A shekarun 1960 ɗin ne aka soma wani abu a jihar Maraɗi wanda ya kamata mu tuna. Gari yakan zaɓi mutum ɗaya ko biyu, a koya musu aiki na ƴan kwanaki, a ba su akwatin magani: nibakin, asfirin, maganin ido, maganin miki. Ungozomai su ma aka horar da su. Mai akwati yana sayar da ƙwaya da ɗan kuɗi ƙalilan, in ta ƙare ya je ya sayo wata. Ke nan iyayenmu sun san biyan kuɗin magani tun kafin a yi masa doka. Inda gari ya sa ido, akwati ya daɗe. Inda aka yi ta cin bashi, akwati ya zama wurin ajiyar goro.

2. Kuɗin yuraniyom da ƙarewarsu

An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, farashinsa ya hau ƙwarai, kuɗi suka shigo, aka gina hanyoyi da lakol da gidajen likita. Daga 1980 zuwa 1981 farashin ya soma faɗuwa, ga bashin da aka ci lokacin daɗi yana jiran biya. A 1983 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Asusun ba da lamuni na duniya, FMI, da sharaɗin ta rage kashe kuɗi. Sai ga farin 1984 a kai.

Babu dokar da ta ce an soke kyauta. Kyautar tana nan a takarda, maganin ne babu. Albashi ya cinye mafi yawan abin da ya rage, kuɗin sayen magani da man mota suka tsuke. Lokotoro zai duba ka ba ko dala, sa'an nan ya rubuta maka takardar magani, ya ce ka je farmasi. Farmasi kuwa tana birni. Sai an sayar da akuya ko tiyoyin hatsi, a biya mota, a je a sayo. Da yawa sukan ninke takardar su sa aljihu, su koma wajen mai tallar ƙwaya a kasuwa.

3. Shawarar Bamako da gwajin 1993

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da hukumomin OMS da UNICEF. Shawararsu ita ce: a kawo magani mai araha, marar lafiya ya biya kaɗan, kuɗin su zauna a wurin, kwamitin gari ya riƙe su don sake sayen magani.

Nijar ta gwada abin a 1993, kuma a nan ne babban darasin yake. An ɗauki gundumomi uku. A Sayi, marar lafiya ne kaɗai ke biya: babba tamma 200, wato dala 40, yaro ƙasa da shekara biyar dala 20. A Boboye, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, da mai lafiya da marar lafiya, sa'an nan in ciwo ya zo babba ya biya dala 10, yaro dala 5. Illela kuwa aka bar ta yadda take, don a sami abin kwatantawa.

Da aka yi lissafi, Boboye ce ta fi. Masu zuwa likita sun ƙaru sosai, har cikin talakawa da mata da yara, kuma kuɗin da aka tara sun fi na Sayi. Dalili a fili yake: nauyin ya watsu kan jama'a duka, bai faɗa kan mutum guda ranar da yake kwance ba.

Duk da haka, bayan dokar 1995 ta biyan kuɗin magani, hanyar Sayi ce ta bazu a ƙasa. Ga shi a watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada. Daga nan aka san mai yankan tike a ƙofar likita. Gaskiya magani ya dawo kan kanta. Amma wanda ba shi da kuɗin tike ya zauna gida, har sai ciwo ya ci jiki.

4. Kyauta ta dawo, da bashinta

Daga 2001 shugaba Tanja Mamadu ya sa aka gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka. Bayan yunwar 2005, wadda ta nuna wa duniya halin da yaran Maraɗi da Damagaram da Tawa ke ciki, aka mai da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƙasa da shekara biyar.

Kada mu raina wannan. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Kyautar magani na cikin dalilai, tare da ɗakunan maganin ƙauye da gidan sauro da allurar rigakafi da abincin masu tamowa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Gidan likita yana ba da magani, ya rubuta abin da ya kashe, ya aika sama, ya jira gwamnati ta biya shi. Biyan yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai miliyan dubbai na sefa. Kanta ta sake bushewa, takardar magani ta sake fitowa. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin da ake biya a gidajen likitanta, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Mun yi murna. Tarihi dai ya koya mana mu riƙa tambaya: an zuba kuɗin da za su cike gurbin?

5. Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwa, magani bai taɓa zama na banza ba. Ko gwamnati ta biya da harajinmu, ko jama'a su haɗa tun da lafiyarsu, ko marar lafiya ya biya shi kaɗai. Ta ukun nan ita ce ta fi cutar talaka, don zazzaɓin cizon sauro yana tsananta a watan Agusta da Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Mu malaman lakol muna ganin sakamakon a watan Oktoba, sa'ad da muke kiran suna, wani benci ya zauna ba kowa.

Don haka shawararmu biyu ce. Ta farko, kada mu sauke wa gwamnati nauyinta: wakilanmu a kwamitin gidan likita su riƙa tambayar bashin da ake bi da maganin da ya ƙare, su kawo mana bayani a taro. Ta biyu, mu bi sawun Boboye gwargwadon ƙarfinmu. A kaka kowane gida ya zuba abin da aka amince, kuɗi ko hatsi. A zaɓi mutum uku masu riƙo, da mace a cikinsu. A rubuta shiga da fita a littafi, a karanta a bainar jama'a. Akwatin iyayenmu rashin lissafi ne ya kashe shi, kada namu ya bi shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda kafin ranar taro. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.