Furen Ado a Kudancin Kogin Kaduna

Shuka fure don ado kawai baƙuwar al'ada ce a gidan Bahaushe, kuma Kaduna na cikin ƙofofin da ta shigo. Da Turawa suka mayar da hedkwatar Arewa nan a 1917, sun zo da ɗabi'ar kewaye gida da furanni irin su aster. A kudancin kogi, gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da na manyan ma'aikatan masaƙar Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, su ma sun ɗauki salon, aikin lambu ya zama sana'ar albashi.

Wasu kan ce wannan kwaikwayo ne da ɓarnar ruwa, gara zogale da lalle. Batun ruwa gaskiya ne, musamman da rani. Amma hannun da ya raya furen Bature hannun mai lambun fadama ne, wanda ya gaji renon iri, dashe da ban ruwa daga albasa da tattasai. Irin ne baƙo. Shi ya sa ko da masaƙu suka durƙushe, masu sayar da dashen fure suna nan a bakin titunan Barnawa.