Ƙaramin Jirgin Kuza na Zariya zuwa Bukuru

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka kira Bauchi Light Railway ƙaramin layi ne da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos ya tsaya a Bukuru, tafiyar mil 143, wato kimanin kilomita 230. Duk da sunansa, bai taɓa shiga garin Bauchi ba. An laƙaba masa sunan ne domin a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato.

Kuza ce ta jawo shi. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su yi kasuwa da ita. Waɗannan tsinkayen ne suka sa Kamfanin Neja ya bi sawun inda ake samo su, a farkon shekarun 1900 ma'aikatansa suka kafa sansani a wajajen Tilden Fulani da Naraguta. Samun kuzar bai zame musu wahala ba kamar fitar da ita. A ka ake ɗaukar ta: 'yan dako su jeru da buhuna, su gangara tsauni, su yi kwana da kwanaki a daji kafin su kai Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. Duk kayan da ya fi ƙarfin kan mutum, kamar manyan injuna, ba shi da hanyar hawa.

Da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kamfanonin haƙar kuza, waɗanda suka yi yawa a wancan lokacin, suka matsa wa gwamnati ta ja musu reshe. Gwamnati ta yarda, amma da tsimi. Faɗin babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne. Wannan kuwa aka yi shi ƙafa 2 da inci 6, da ƙarafa marasa nauyi da ƙananan injuna, don ya yi araha kuma ya iya shan kwana a tsakanin duwatsu. Aka fara aiki a 1911, aka kai Rahama a 1912, sannan aka haura Jos da Bukuru a 1914. Ƙarfin talakawa ne ya shimfiɗa shi. Ta hannun sarakuna da hakimai ake tara leburori daga ƙauyuka, su sare daji, su fasa dutse, su kwashi ƙasa a kwando, aikin da mutane suka riƙa kira aikin diga, wanda sau da yawa ba da son ransu suke zuwa ba.

Daga Zariya jirgin kan bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre. Har Rahama ƙasar ba ta da wuya sosai. Daga Jengre ne hawa ke tsananta, domin Jos ta ɗara Zariya tudu da mita ɗari biyar da wani abu. In zai gangaro, buhunan kuza ne cike da taragu. In zai hau, ya ɗauki injuna da kayan kanti da hatsi, domin dubban 'yan kwadagon da suka taru a filayen kuza ba noma suke yi ba, sai an kai musu dawa da gero daga ƙasar Zazzau da Kano. Yana ɗaukar fasinja ma, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwa da masu sana'ar da suka cika Jos tana sabon gari ta wannan hanya suka iso.

Tsimin da aka yi wajen gini shi ya zame masa cikas kullum. Taragonsa ba ya hawa babban layi, saboda haka kowane buhu sai an sauke shi a tashar Zariya, a ɗauka a kafaɗa, a sake loda shi a babban tarago mai tafiya Ikko. Haka ma kayan da suka taso daga kudu. Ga kuɗin dako sau biyu, ga ɓata lokaci, ga shi jirgin ba ya sauri kuma ba ya jan kaya mai yawa.

A 1927 reshen layin gabas ya taso daga Kafanchan ya iso Jos da cikakken faɗi. Daga nan kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal ba tare da sauke-sauke ba, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa hawowa filayen haƙa. A shekarar aka faɗaɗa mil 10 na tsakanin Jos da Bukuru aka haɗa shi da babban layi. Abin da ya rage, mil 133 na Zariya zuwa Jos, ya ci gaba da jigilar fasinja da amfanin gona na garuruwan kan hanya har shekara talatin, motocin lori suna ta janye masa kaya. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rufe shi a 1957, aka ciccire ƙarafan. Garin Bauchi kuwa sai a farkon shekarun 1960 ya ga jirgi, ta layin da aka ja daga Kuru zuwa Maiduguri. Wasu daga cikin injuna da taragun ƙaramin layin suna ajiye a harabar gidan tarihi na Jos.