Mene ne "tara dukiya ta hanyar ƙwace"? Ra'ayin David Harvey da darasin Maroko

"Tara dukiya ta hanyar ƙwace" suna ne da masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, David Harvey, ya raɗa wa wani salon jari-hujja a littafinsa na 2003 kan sabon mulkin mallaka. Yana nufin arzikin da ake samu ta hanyar karɓe abin da jama'a ke rayuwa da shi, kamar ƙasa, ruwa, gidaje ko kamfanonin gwamnati, ba tare da an noma ko an ƙera wani sabon abu ba.

Asalin ra'ayin

Karl Marx ya bayyana yadda aka killace filayen gama-gari a Ingila aka kori manoma, ya kuma ɗauki hakan a matsayin mafarin jari-hujja. Harvey, wanda aka haifa a 1935, ya ce ƙwacen bai tsaya nan ba. A ganinsa yana ci gaba ta hanyar cefanar da kadarorin gwamnati, ƙangin bashi da rushe unguwanni, kuma sau da yawa hukuma ce ke share fage da doka da ƙarfin bindiga.

Misalin Maroko

A watan Yulin 1990, gwamnatin soja ta Raji Rasaki a Legas ta rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana bakwai. An ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka rasa muhalli. Gwamnati ta kafa hujja da ambaliya da ƙazantar muhalli. A yau wurin na cikin filaye mafiya tsada a birnin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke izinin mallaka domin maslahar jama'a. Tambayar da masu wannan fanni ke yi ita ce: wace jama'ar?

Alaƙarsa da 'yancin ɗan ƙasa

Wanda aka rushe wa gida yakan rasa adireshi, makarantar 'ya'yansa, kasuwarsa da kusanci da rumfar zaɓensa. Shi ya sa Harvey ya farfaɗo da kiran "haƙƙin birni" da masanin Faransa Henri Lefebvre ya yi a 1968, wato mazauna su sami ta-cewa kan yadda ake tsara garinsu.

Masu suka na ganin Harvey ya faɗaɗa ma'anar ƙwace har ta haɗa abubuwan da ba su da kama da juna.