Man rake da man fetur: inda injinan suka sha bamban

Ƙarfin da ke cikin lita guda ta itanol, wato man da ake tacewa daga rake ko masara, kimanin kashi biyu cikin uku ne na litar fetur. Saboda haka mota takan sha shi fiye da yadda take shan fetur. To amma girman wannan giɓi ya danganta ne da yadda aka ƙera injin.

A cikin silinda, fistin kan matse mai da iska kafin fulogi ya ba da wuta, kuma gwargwadon tsananin matsin, gwargwadon aikin da ake samu daga kowane ɗigon mai. Sai dai fetur yana da iyaka: idan matsi ya yi yawa yakan kama da wuta da kansa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. Shi kuwa itanol, ma'aunin oktan ɗinsa ya kai kimanin 108, yana kuma sanyaya silinda sa'ad da yake zama tururi. Hakan ya sa ana iya matse shi ninki 12 ko fiye, alhali injinan fetur na da sukan tsaya ne a ninki 8 ko 9.

Ƙasar Brazil ce ta fi kowa gwada wannan. Bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973, gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975, kuma a 1979 aka fito da Fiat 147 mai shan itanol zalla. A tsakiyar shekarun 1980 akasarin sababbin motocin ƙasar irin wannan inji gare su. Da itanol ya yi ƙaranci a 1989, masu motocin sun rasa mafita, domin injinan nasu ba sa shan fetur. Daga nan kasuwar ta faɗi.

A 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da motar Gol mai shan kowanne daga cikin biyun, ko gaurayensu. Kwamfutar motar ce ke gano abin da ke cikin tanki, ta daidaita yawan man da ake fesawa da lokacin ba da wuta. Abin da ba ta iya sauyawa shi ne matsin, wanda dole aka tsayar da shi inda fetur zai jure. Direba ya samu zaɓi, amma an bar wani ɓangare na amfanin itanol a ƙasa. Shi ya sa direbobin Brazil suka daɗe da lissafin cewa itanol yana da riba ne kawai idan farashinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 na farashin fetur ba.

Akwai kuma matsalar sanyin safiya, lokacin da itanol ke wuyar kama wuta. A da akan sanya ƙaramin tankin fetur domin tayar da inji, amma daga 2009 aka fara sayar da motocin da ke ɗumama man kafin a fesa shi.