Yadda Qt Ta Shiga Wayoyin Android

A 1991 wasu 'yan Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fara haɗa Qt, wato tarin kayan aikin da ake gina manhaja da su. Burinsu mutum ya rubuta manhajarsa sau ɗaya da yaren C++, ta tashi a Windows, ta kuma tashi a Unix. Sun fitar da ita a 1995, kamfaninsu Trolltech ya yi zamansa a Oslo. A lokacin dai Qt ta kwamfutar tebur ce, mai faffaɗan allo da kibod da linzami.

Nokia ta sayi Trolltech a 2008, kuma dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Wayoyinta masu Symbian sun cika hannun jama'a, har da namu nan Kano, amma rubuta musu manhaja azaba ce. Symbian na da nata salon C++, ko ajiye jimla guda sai ka bi wata hanya daban. Ga kuma Maemo, wani tsarin na'urorin Nokia, a gefe, wadda daga baya ta zama MeeGo. Nokia ta so Qt ta haɗe su duka. A Disamba 2009 Qt 4.6 ta fito tana aiki a kan Symbian. Ba a jima ba, ranar 11 ga Fabrairu 2011, shugaban kamfanin Stephen Elop ya sanar cewa sun koma Windows Phone, inda ba a tanadar wa Qt wuri ba. Masu manhajar da suka yi shekara biyu suna koyon Qt aka bar su riƙe da baki.

Cikin wannan watan na Fabrairu ne wani ɗan Romaniya, BogDan Vatra, ya fito da Necessitas: Qt a kan Android, aikin da ya yi don raɗin kansa. Abu biyu suka share masa hanya. Tun 2009 Nokia ta sassauta lasisin Qt, sannan injiniyoyinta sun fara wani aiki mai suna Lighthouse, wanda ya ware ɓangaren da ke magana da na'ura daga sauran jikin Qt. Kamar ka ɗauko injin markaɗe daga wani gari ne. Injin bai canza ba, bel ɗin da zai dace da janareton gidanka kawai za ka nema.

Sai dai bel ɗin ne aikin. Android da Java take tayar da manhaja, Qt kuwa C++ ce, don haka sai da aka sa 'yar siririyar Java a gaba ta buɗe ƙofa, ta loda Qt, ta riƙa miƙa mata saƙo: an taɓa allo a nan, an juya wayar, kibod ya fito ya rufe rabin fuska. Manhajar tebur ta saba sai mai ita ya rufe ta. A waya kuwa kira na shigowa a tura ta baya, in wuri ya yi ƙaranci Android ta kashe ta ba sallama.

Akwai kuma nauyi. Kayan Qt sun yi wa wayoyin lokacin yawa a ce kowace manhaja ta zo da nata, sai Vatra ya ƙirƙiri Ministro, mai sauko da su sau ɗaya kowa ya yi amfani. Dabara ce mai kyau a wajen injiniya, amma a ganina ba a tuna da mai sayen data da kuɗin cefane ba: ka sauke manhaja, ka buɗe, ta ce sai ka sauko da wata tukuna.

Kamfanin Digia ya karɓi Qt daga hannun Nokia a 2012, aka shigar da aikin Necessitas cikin uwar Qt. A Disamba 2013 Qt 5.2 ta fito da cikakken goyon bayan Android da iOS, wata uku bayan Nokia ta amince ta sayar wa Microsoft sashenta na wayoyi.